Itatuwa Shida Masu Ƙishi

Lahadi, 12 ga Maris, 2023

Yau na ga cikin mangwaro ba tare da na sa masa wuƙa ba. Har yanzu ban daina murmushi ba, sai ka ce wadda aka yi wa albishir da Makka.

Mala, mai kula da injin IRM na ɗaukar hoton cikin jiki a kilinik, da farko ya ɗauka wasa nake. Ya ce shekarunsa yana ɗaukar ƙwaƙwalwa da ƙashin baya, bai taɓa kwantar da marar lafiya mai ƙwallo ɗaya a ciki ba. Ya sa na cire 'yan kunne da agogo, har allurar mayafina, don injin maganaɗisu ne, ba ya shiri da ƙarfe. Muka sa mangwaron a ɗan mazubin da ake sa gwiwar mutum, injin ya kama buge-bugensa kamar ana daka a maƙwabta. Sai ga hoto. Inda ruwa ya yi yawa fari tas, inda ya yi kaɗan toka-toka, ɓawon ƙwallon kuwa baƙin zobe. Mala ya ce, "To, Hajiya Ummul Khairi, marar lafiyarki ba ya motsi, ba ya kuka, na gode miki."

Abin da nake son in gwada ke nan, in rubuta don kada in ruɗe gaban malamai: mangwaronmu mai aure yakan lalace daga ciki, gefen ƙwallo, tun kafin ya kai kasuwa. Ina zaton ruwan da ake ɗura wa itacen gab da nuna ne. In aka yanke wa wasu itatuwa ruwa na 'yan makonni, aka bar wasu suna sha, hoton zai nuna bambancin ruwan da ke cikin 'ya'yan.

Dokta Zahra'u, wadda ke duba aikina, ita ta roƙo mana injin. Safiyar Lahadi kawai, kuma bana kawai. Mangwaro sau ɗaya yake yi a shekara. In ban samu sakamako kafin ƙarshen Mayu ba, babu memwar, wato kundin digirina, babu sutnans, zaman kare shi gaban malamai, sai in sake shekara.

Asabar, 18 ga Maris

Gaffati, garinmu. Mun yi ƙuri'a a lambun Baba, Allah ya jiƙansa. Itatuwa goma sha biyu, shida su sha, shida su yi ƙishi. Na rubuta lambobi na zuba a hular Yaya Suma'ila, shi ya ɗiba da hannunsa. Biyu daga cikin masu ƙishin sun faɗo a layin bakin hanya, wanda Baba ya dasa sadaka, duk mai wucewa ya tsinka.

Yaya ya ce ko a musanya waɗannan biyun. Na ce in aka musanya ƙuri'a ta tashi daga ƙuri'a, malamai za su ce na zaɓi abin da nake so. Na yi ta bayani har bakina ya bushe: itace babba ne, saiwarsa ta yi nisa, ba zai mutu ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, shi ke nan, auta. Yadda kika ce."

Inna Hajjo tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na yi mata bayani ita ma. Ta ce, "To. Allah ya ba da sa'a."

Na ɗaura wa shidan jan zare, muka toshe hanyar ruwansu da ƙasa. Na dawo a kabu-kabu ina ta godiya a raina. Abokan karatuna suna yawon roƙon lambun mutane, ni kuwa nawa a gida.

Alhamis, 23 ga Maris

An ɗauki azumi. Ni da itatuwana shida, sai dai ni ina buɗa baki.

Asabar, 1 ga Afrilu

Na je dubawa. Gindin masu jan zare a bushe ƙamas, rairayi fari har yana ƙona ƙafa. Ganyen dai bai nuna komai ba tukuna. Na tambayi Yaya, ya ce, "Wallahi ko ɗigo. Ni da ganin tiyo ya nufi wurin har kauda kai nake." Muka yi dariya.

Inna ta yi mini kunun tsamiya da ƙosai, ta ce na rame, karatu zai cinye mata 'ya. Ta tambaye ni wai injin nan ba ya dafa mangwaron? Na ce a'a. Ta ce Nasara dai ba su rasa abin yi ba.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Tsinka ta farko. Na jera su a kwali, na rubuta wa kowanne lambarsa a ɓawo. Hotunan masu sha da na masu ƙishi kusan ɗaya ne. Ban damu ba, da sauran lokaci.

Wani abu dai ya burge ni. Wanda muka ɗauka ranar gwaji ɗanye, hasken a warwatse yake. Waɗannan da suka fara ƙosawa, farin ya taru gefen ƙwallo yana yo waje. Ashe nuna daga ciki take farawa, ɓawo shi ne na ƙarshen ji.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Babu bambanci. Babu! Na lissafa, na sake lissafawa, na juya ordinatar, kwamfutata, kamar zan girgizo amsar daga ciki.

Kuma na yi abin kunya. Azumi, zafi, ga rai a ɓace. Na ce wa Mala ko dai injinsa ne ya tsufa, ko kuwa shi ne bai saita shi yadda Dokta ta rubuta ba, tunda aikin kyauta ne. Kalmar nan ta ƙarshe ita ce ta fita ban shirya ba. Ya dube ni, ya cire tabarau ya goge. Ya kawo kofin ruwa da busasshen dabino ya sa a injin, ya nuna mini: ɗaya fari fat, ɗaya baƙi. Ya ce, "Injina yana ganin ruwa, Madmazel. Abin da aka kawo masa yake faɗa." Tun daga nan bai ƙara ce mini Hajiya ba.

Talata, 18 ga Afrilu

Dokta ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ko dai zatona ne ba daidai ba, wanda ba laifi ba ne a bincike, ko kuwa itatuwan suna samun ruwa ta wani wuri. Ta ce in haƙa ƙasa kamu biyu zuwa uku in gani, wataƙila lambun maƙwabci ke tsiyayowa. Na ce bayan Salla.

Ban kawo komai a raina ba. In rubuta wannan da kyau: ban kawo komai ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

Salla a gida. Na ba su labarin damuwata muna cin tuwo. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ko dai injin ne?" Indo matarsa ta tashi wai za ta duba miya. Inna ta ce in yi haƙuri, kowane abu da lokacinsa, ta ƙara mini nama.

Laraba, 26 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Malamin safe bai zo ba, sai na ce bari in je in yi haƙar nan. Ban buga wa kowa waya ba. Kullum Asabar nake zuwa, kowa ya sani.

Tun daga bakin hanya na ji ƙarar injin ban ruwa. Na zagayo darni. Toshiyar da muka yi an buɗe ta, ruwa na gudu, gindin masu jan zare duk shida cike taf har yana sheƙi. Yaya yana tsaye da wando a naɗe, tiyo a hannu. Gefe guda ga tulin farin rairayi da baro da shebur. Na daɗe ina kallon tulin nan kafin na gane aikinsa. Shi ake barbaɗawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar ranar Juma'a, don auta za ta zo Asabar.

Inna tana zaune kan tabarma a inuwar itacen bakin hanya, da carbi.

Yaya ya saki tiyon. Ni ce na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun kwana na huɗu." Na ce ka rantse mini. Ya dubi Inna.

Inna ko gezau. Ta ce, "Ni na sa shi. Kada ki ga laihinsa." Ta ce ita ba za ta sha ruwa da magariba ba alhali icen da mijinta ya dasa don kabarinsa yana tsaye da ƙishi, da 'ya'ya a jikinsa, a cikin watan azumi. Ta ce ko akuya mai ciki ba a yi mata haka.

Na ce to biyu ne na bakin hanya, sauran huɗun fa? Yaya ya ce, a hankali, "Ya zan ba biyu in bar huɗu suna kallo?"

Na ce me ya hana ku faɗa mini? Da kun ce a'a tun ranar ƙuri'a, da na nemi wani lambu. Akwai lokaci a ranar! Inna ta ce, "Kin zo da takardunki kina murna, gaban yayanki, gaban matarsa. In ce miki a'a? Mun ce injin Nasara ne, zai ba ki abin da za ki rubuta, kowa ya huta."

Kowa ya huta.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na tsinke jan zaren ɗaya bayan ɗaya, ban san dalili ba, na cusa a jaka. Inna tana kira, "Ummu, tsaya ki ci abinci," na hau kabu-kabu. Kukan sai da muka hau kwalta.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Ruwan zan iya fahimta. Rairayin ne ba zan iya ba. Mutum ya tura baro, ya ɗebo, ya baje, ya daidaita da hannu don kada ƙanwarsa ta gane. Kowane mako.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Na tuna Indo da miyarta. Ita ma ta sani. Maƙwabtan lambu da nake gaisarwa suna ce mini "ina aikin bincike", su ma suna jin ƙarar injin kowace safiya. Wato garin kaf ya sani, ni kaɗai ce mai digiri.

Waya ta yi ta ƙara. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Na je kilinik hannu rabbana, don in ba Mala haƙuri. Na faɗa masa duka. Na so ya yi mini dariya ko ya ce ai ga shi nan, da na fi jin sauƙi. Sai ya ce, "Uwa ce. Ki bi a sannu." Na ce kowa haka zai ce, shi ya sa ba ni da wurin kai ƙara. In ɗan kasuwa ya cuce ka, ka zage shi ka huce. Wannan fa?

Ya ce ya yafe. Amma ya tura kujerarsa baya ya ce yana da aiki, alhali babu kowa a layi. Ban ga laifinsa ba. Na zargi wanda ya ba ni hutun Lahadinsa, don ban iya ko tunanin zargin na gida ba.

Laraba, 3 ga Mayu

Ofishin Dokta Zahra'u. Na tafi da wata 'yar dabara a raina: tunda ina da hotuna masu kyau, in sauya taken aikin, in ce yadda ruwa ke tafiya cikin mangwaro yayin nuna kawai. Ta ce an riga an yi wannan a wurare da yawa, kwamiti ba zai karɓa a matsayin masta ba, kuma taken da aka amince da shi ba a sauya shi a watan Mayu. A sake yanke ruwan yanzu? Mangwaron ya riga ya nuna, rabi ma an tsinke.

Sai baɗi. Ta ce za ta sake roƙon injin, amma ba ta yi alkawari ba.

Ta kuma ce, ba da faɗa ba, "Mai bincike ba ya duba ƙasa da ido, Ummul Khairi. Da kin tona tun makon farko." Gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma wa ke zuwa lambun ubansa da shebur don ya gwada rantsuwar yayansa?

Asabar, 6 ga Mayu

Asabar ta biyu ke nan ban je Gaffati ba. Na yi wanki, na share ɗaki sau biyu. Abokan ajinmu suna ta zancen ranar sutnans da ɗinkin da za su yi. Na ce musu injin ne ya samu matsala. Ga shi na sake ɗora wa injin Mala laifi.

Juma'a, 12 ga Mayu

Yaya ya zo bayan masallaci, har ɗakina a Kara-Kara, da kwando a bayan babur. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na gaishe shi yadda ake gaida yaya. Ba zai ce na yi masa rashin kunya ba.

Ya ce bai san abin zai kai ga sake shekara ba. Ya ɗauka kamar jarrabawar lakwal ce, ta 'yan firamare, a rubuta a wuce. Na ce na faɗa maka ranar ƙuri'a. Ya ce, "Kin faɗa. Ban ɗauka har haka ba ne." Ya ce ranar farko da ya buɗe ruwan bai iya cin abinci ba. Na ce rana ta biyu fa? Ya ɗauki ruwan ya kurɓa.

Na tambaye shi abin da ke cina: rairayin dabarar wa? Na so ya ce Inna. Ko ya ce Indo. Ya ce, "Tawa ce. Na ga kina duba gindin, na ce kada ranki ya ɓaci."

Shi ne ya riƙa kai ni lakwal a keke ina ƙarama. Shi ya tsaya wa Kawu da aka ce karatun ya isa haka. Da wani ne ya yi mini, shi zan kai wa ƙara.

Kwandon na raba wa maƙwabta.

Litinin, 15 ga Mayu

Na buɗe hotunan yau, ban san me nake nema ba. Suna da kyau, abin haushi. Lamba bakwai, daga itacen bakin hanya, farin ya zagaye ƙwallon kamar an zana. Tun ranar tara ga Afrilu injin yake faɗa mini gaskiya, ni ce na ƙi ji.

Asabar, 27 ga Mayu

Na je Tirmini. Wata 'yar ajinmu ta haɗa ni da wani mai lambu, Malam Illa Yakuba. Itatuwansa ba su kai namu kyau ba, ƙasar ma da tsakuwa. Ba ruwansa da ni, ba ruwana da shi, abin da nake so ke nan. Na yi masa bayani, ya ce shida sun yi yawa, huɗu zai iya, kuma in 'ya'yan suka zube ni zan san yadda zan yi da shi. Ya faɗa mini a'a a fuskata har sau biyu. Daɗin da na ji kamar in rungume shi.

Na ce zan riƙa zuwa ba sanarwa, kuma zan tona gindin duk zuwa. Ya ce, "Ke ba ki yarda da mutane ba ne?" Na ce aikin ne haka.

Ban gaya wa kowa a gida ba.

Alhamis, 8 ga Yuni

Dokta ta ce mai kilinik ya yarda da baɗi, Lahadi huɗu kacal. Mala ne ya sa baki, in ji ta. Na tura masa saƙon godiya, ya amsa da kalma ɗaya.

An yi ruwan farko jiya.

Asabar, 17 ga Yuni

Na je gida. Indo ta bugo ta ce Inna ba ta jin daɗi, ƙafa ce, kuma ba ta cin abinci sosai tun tafiyata.

Na same ta a ɗaki. Ta rame. Ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ba ta ce ta yi kuskure ba, Inna ba ta faɗin haka, ban kuma sa rai ba. Amma ta ce ta yi tunani. Ta ce baɗi in ɗauki itatuwan, har na bakin hanyar in ƙuri'a ta faɗa kansu, ta riga ta gaya wa Suma'ila ko ganye ya zube kada ya taɓa tiyo. Ta ce za ta riƙa kai randar ruwa bakin hanya a madadin, masu wucewa su sha, ladan ya je wa Baba. "Wannan karon da gaske, Ummu. Kin ji?"

Na san nawa maganar nan ta ci mata. Na ga idonta. Kuma na yarda da gaske take.

Na ce, "To, Inna. Na gode. Allah ya kai mu."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a kawo mata fura, ta sha fiye da rabi. Yaya ya raka ni bakin hanya yana ta lissafa yadda zai toshe magudanar da siminti tun watan Fabrairu, in na so ma in kawo kwaɗo in kulle injin ban ruwan in tafi da makullin. Na ce masa dabara ce mai kyau. Har na ba shi shawarar inda zai sayi simintin.

Malam Illa na jirana ranar Talata mu zaɓi itatuwa.

Zan gaya musu. In lokaci ya matso zan gaya musu, yanzu ba ta da lafiya, ga ta ta fara cin abinci, me zai sa in ɓata mata rai. Ba wani abu ba ne.

Da nake ce wa Inna "To", muryata ko rawa ba ta yi ba. A hanya na yi ta jiran in ji wani abu, har muka shigo gari.